Amfilifaya: Lambar Jikin Kwali Ba Ita Ce Ƙarfin Sauti Ba

Magidanci daga Kajuru kan shiga Kasuwar Sheikh Gumi a Kaduna da kuɗin masararsa, ya fito da amfilifaya mai tambarin wat 3000 PMPO. Wannan lamba ado ce kawai, tarkon mai saye. Abin dubawa shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa ba yankewa. Wat 30 a kowane ɓangare ya wadaci falo. Sannan a tabbata om ɗinta ya dace da na lasifika, 4 ko 8, don kada ta yi zafi ta ƙone. Inda lantarki ke zuwa jefi-jefi kuwa, ƙaramar da batirin sola ke ɗauka ta fi ƙatuwar da ke jiran janareta amfani.