Zanen aro a zauren shari'a

A watan Disamba na 2023 mahukuntan Yamai suka soke yarjejeniyar EUCAP Sahel Niger, wato tawagar Tarayyar Turai wadda tun 2012 take horar da 'yan sanda da jandarmomi da askarawan ƙasar nan. Kafin nan, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Turai ta dakatar da tallafin da take zubawa a baitulmalinmu. Tun da baƙi sun naɗe tabarmarsu, ya kamata mu zauna mu yi lissafin abin da ya rage a hannun manomin Dungu, cikin gundumar Kance, bayan shekaru da dama na "gyaran shari'a".

Ba za mu yi butulci ba. Da kuɗin Turai, shirin PAJED ya gyara kotuna, ya horar da alƙalai da akawuna. A 2011 aka kafa hukumar ANAJJ domin talakan da ba shi da kuɗin lauya ya sami mai tsaya masa. A Nuwamba 2012 aka yi babban taron ƙasa kan shari'a a Yamai, a 2017 kuma aka yi sabuwar doka kan tafiyar da gidajen kaso. Duk wannan aiki ne, kuma yana nan rubuce.

Amma mai ba da kyauta inda hankalinsa yake can kuɗinsa ke zuwa, hankalin Turai kuwa yana kan ta'addanci da ƙaura. Kotun musamman ta ta'addanci a Yamai take. Can aka fara, a Maris 2017, shari'ar mutum kimanin 1000 da ake zargi da Boko Haram, akasarinsu an kwaso su daga Difa. Batun ƙaura kuwa, mutanen Kance sun fi kowa sanin ɗacinsa. A Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga wannan yanki. Dokar hana safarar bakin haure ta Mayu 2015, wadda Turai ta tsaya kai da fata a zartar da ita, ta kai direbobin Agadas kaso, har aka soke ta a Nuwamba 2023. Ƙarancin gona da ke korar mata daga ƙauyukansu kuwa ba a kai shi gaban alƙali ba.

Shari'ar Dungu daban take: iyakar gona, rabon gado, ɓarnar dabbobi lokacin kaka, rikicin aure. Mai gari ko sarki ke fara sulhu, kamar yadda doka ta ba su iko, tare da kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada. In sulhu ya ƙi, sai kotun Matameye. Ɗaukaka ƙara kuma sai Damagaram. A can ana rubuta hukunci da Faransanci, mai ƙara yana sauraren rayuwarsa ta bakin tafinta. Lauyoyi kuwa kusan dukansu a Yamai suke, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram.

Babban ciwon yana gidan kaso. Shekara da shekaru rahotanni suna nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke tsare a Nijar ba a yanke musu hukunci ba, jira kawai suke yi. Wanda aka kama kan zargin satar akuya yana iya daɗewa fiye da wa'adin da za a ɗaure shi in an same shi da laifi, damina ta wuce, gonarsa ta zama saura, iyalinsa su ci iri. Kada mu manta da Satumba 1999, lokacin da fursunoni 29 suka mutu saboda cunkoso da rashin iska a ɗaki guda na gidan kason Yamai. Ba a buƙatar ƙwararre daga Burusel kafin a gane cewa ɗakin mutum goma ba ya ɗaukar hamsin.

Hausawa suka ce zanen aro ba ya rufe katara. Maganin da ya fi kusa bai kai tsadar mota guda ta aikin tallafi ba. Alƙali ya riƙa shiga gidan kaso kowane wata da littafin rajista a hannu, ya saki duk wanda wa'adin tsarewarsa ya ƙare bisa doka. Gwamnati ta sa wa ANAJJ kuɗi na ainihi cikin kasafin shekara, domin masu kare talaka su iso Matameye. Duk sulhun da sarki ya yi a rubuta shi, a karanta wa ɓangarorin biyu da Hausa, kowa ya tafi da takardarsa, don kada jikoki su sake tada maganar. Abincin fursuna da maganinsa kuma su fito daga harajinmu.

Mahukunta suna yawan ambaton 'yancin kai, kuma magana ce mai daɗin ji. Ƙasar da ta sallami baƙi ta ɗauki nauyin da suke ɗauka, har da na wanda ke kwance a kason Matameye yana jiran ranar da za a kira sunansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Yanzu kuwa ba sauran wanda za a ce shi ya hana a yi yaɓe.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.