Kafin a Saki Dabba, a Auna Dajin

 Akwai wata al'ada da Turawa suka fito da ita, watau a kwaso manyan dabbobi masu cin ciyawa a zuba a dajin da ya lalace, wai su raya shi. Niyyar kyakkyawa ce, amma daji ma'auni gare shi kamar tiyar 'yan hatsi a kasuwar Kakuri, in ta cika ta cika.

A ƙasar Holan an keɓe wata fadama, Oostvaardersplassen, aka saki shanu a 1983, dawaki a 1984, bareyi irin na Turai a 1992. Aka kewaye su da shinge, ba namun da ke cin su, ba hanyar ƙaura. Suka hayayyafa, suka cinye ciyawa, suka ɓare ɓawon itatuwa, tsuntsaye da dama suka watse. A hunturun 2017 zuwa 2018 sama da 3,000 suka halaka, akasarinsu harbe su aka yi don yunwa ta riga ta gama da su. Almajiri ma ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Shingen nan tsarewa ne, ko da an kira shi 'yanci.

Makwabtanmu na Nijar sun fi natsuwa. A 2018 suka ɗauko raƙuman dawa 8 kacal daga Kure, suka kai su dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, inda irinsu ya taɓa zama kafin fari da farauta su ƙarar da shi. Ɗan gida aka mayar gida, kaɗan kaɗan, da sanin makiyaya. Duk da haka manoman Kure sun san abin da raƙumin dawa ke yi wa wake. Bauchi kuwa daga Namibiya ta karɓo nata a 2006, har da jakunan dawa, aka zuba su a Sumu. Baƙi ne, abin kallo, ba gyaran daji ba.

To, in wata rana aka kawo shawarar ƙara giwaye da gwanki a dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama gandun Tarayya a 1999, lalle mutanen Kaduna su yi tambaya. Ina ruwan rani? Ina burtalin Fulani, kada shanu da namun dawa su haɗu a mashaya suna ba juna cuta? Wa zai biya manomin da giwa ta tattake masa dawa a dare ɗaya? Wa kuma zai tsare dajin da 'yan bindiga suka daɗe suna fakewa a ciki? Sai an amsa waɗannan a gaban hakimai da ardo-ardo, kana a ɗauko mota.