Mun iya ɗinka kadan Lacoste, harafin Ɗ ya gagare mu

Ƴan uwa matasa, ku dubi ƙirjin rigunan da muke sawa a fada. Wannan da kada, wancan da mai doki riƙe da sanda, wani da LV. Galibinsu jabu ne, kuma kowa ya sani. Kadan nan laƙabin René Lacoste ne, wani ɗan wasan tanis na Faransa da ya buɗe kamfaninsa a 1933. LV kuwa haruffan farko ne na sunan Louis Vuitton, ɗansa Georges ya mai da su tambari a 1896. Wato sunan mahaifin wani muke yawo da shi, mu muka biya kuma.

Shi ya sa nake murna da yayin da ya shigo na ɗinka harafin suna a kan folo, hula ko aljihun riga da mashin mai kwamfuta. Daga Yamai har Damagaram za ka ga ƴan fada sun yi riga iri ɗaya da sunan fadarsu, amarya ta sa harafinta da na ango a rigunan ƙawaye. Kuɗin yana tsayawa wurin telan unguwa. Madalla.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ka kai sunan Ɗanladi, a miƙo maka D. Fada mai suna Ƙauna ta koma Kauna. In ka yi magana a ce mashin ɗin ne bai san harafin ba. Rabin gaskiya ke nan. Haruffan da ke zuwa cikin mashin an tsara su ne don harsunan Turai, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Sai dai mashin ba karatu yake yi ba, umarni yake bi: soka allura nan, matsa can, yanke zare. Umarnin yana cikin fayil da mutum ke zanawa a kwamfuta, irin DST na mashinan Tajima ko PES na Brother, a ɗora a kile USB a ba mashin. Duk wanda ya iya zana wannan fayil zai ɗinka Ɗ, zai ɗinka suna da ajami, zai ɗinka da tifinag ɗin Abzinawa. Wanda bai iya ba, sai abin da ya samu a WhatsApp. Kuma me ke yawo a WhatsApp? Kada da doki.

Aikin ba wasa ba ne, kada wani ya raina shi. Yadin folo yana miƙewa, in ba a sa masa ƙyallen tallafi ta ciki ba kafin a ɗaure shi a zobe, harafin zai tattare tun wankin farko. In ɗinkin ya yi yawa wuri ɗaya ya yi tauri kamar fata, ya riƙa cizon ƙirji cikin zafin watan Afrilu. In harafi ya ƙanƙance ya gaza milimita 5, ƙugiyar Ƙ sai ta cushe ta zama dunƙulen zare. Mai zane ne ke lissafa duk wannan: ta ina allura za ta fara, zaren ya kwanta ta wane gefe, nawa za a ƙara wa faɗin harafi don yadi zai ja shi. Kakanninmu da suka yi aska takwas a babbar riga da hannu wannan lissafin suke yi, da ido da haƙuri.

To me ya sa masu zanen suka yi ƙaranci? A ganina, laifin namu ne masu saye. Muna biyan zare da kuran, ba mu yarda mu biya tunani ba. Tela ya ce zanen sabon harafi da kuɗinsa daban, sai mu ce ai danna kwamfuta ne kawai. Wa zai ɓata yini yana gyara ƙugiyar Ɓ a kyauta, alhali kada yana nan a shirye?

Ga masu difloma da ke zaune suna jiran konkur, ga ƙofa. Wilcom yana da tsada, amma Ink/Stitch kyauta ne, a kan Inkscape yake aiki, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa. Ba sai ka mallaki mashin ba. Ka zana cikakken jerin haruffan Hausa, ka gwada a kan tsohon folo wurin telan unguwarku har ya zauna, sannan ka sayar wa masu ateliye a Maraɗi da Tawa. Fayil ɗaya ana ɗinka shi sau ɗari.

A 2025 an rubuta a kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasar Nijar. Ni dai ina so in ga hakan a aljihun riga. In za ku yi rigunan fada na sallar bana, ku rubuta wa tela sunan a takarda da ƙugiyarsa, ku tambayi kuɗin zanen ku biya, kuma ku ce a gwada a kan ƙyalle ku gani kafin a taɓa rigunan.