Tsawar Nas Ce Ke Cika Aljihun Mai Lasifika

Abin takaici ne yadda ake karɓar talaka a asibitocin ƙasar nan. Uwa ta kawo ɗanta jiki rau da zazzaɓi, da zarar ta ce ta ba shi jiƙon sabara, sai nas ta rufe ta da faɗa a gaban jama'a, wai ƙauyanci ne da jahilci. To wa zai sake faɗin gaskiya? Gobe in ta dawo, rantsuwa za ta yi cewa ba ta ba shi komai ba, likita ya rubuta ƙwaya a kan abin da bai san yaron ya sha ba. Inna lillahi!

Alhali kuwa ita wannan mai tsawar, maganin zazzaɓin cizon sauron da take rabawa, asalinsa ganye ne ɗan uwan tazargade. Wata mata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita ta tono shi daga tsoffin littattafan kakanninta a farkon shekarun 1970, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Kwinin ma ɓawon itace ne daga Kudancin Amurka. A Abuja, cibiyar NIPRD ta haɗa Niprisan don masu sikila, cikinsa akwai kanumfari da masoro da ganyen dawa. Amma boko ya koya wa wasu cewa sai abu ya shiga kwali da rubutun Turanci yake zama ilimi.

Kuma kada a manta, mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin da Pfizer ya gwada Trovan a kan yara masu sanƙarau. Wanda aka yi wa haka, lallashi yake buƙata.

Wa ke cin ribar wannan wulaƙanci? Mai lasifika a bakin tasha da ƙofar masallaci, wanda ke zuba ruwan ɗaci a tsohuwar gorar lemo, ya liƙa mata sunan Manzon Allah (S), ya ce tana maganin basir da hawan jini da ciwon suga da sammu, duk kwalba ɗaya. Ba awo, ba lambar NAFDAC, baki cike da batsa. Wal'iyazu billah! Lallai Manzo (S) ya yi ƙaho, har ya biya mai ƙahon ladansa. Sai dai wanzamin da ke tsaga mutum goma da aska guda, ciwon hanta da ƙanjamau yake rabawa, ko da kuwa ya kira aikinsa sunna.

Matasan da ke raka iyayensu asibiti su riƙa tafiya da gorar da aka sha, su ajiye ta a gaban nas, ko za ta yi tsawa.