RA'AYINMU: Faransancin Neman Shawara

Kowace shekara ɗaliban Faransanci na jami'o'inmu sukan tafi Ƙauyen Faransanci da ke Badagry, wanda aka kafa a 1991, domin harshensu ya faɗa. Wasu kuma, bayan sun kama aikin gwamnati, akan tura su Yamai ko Kwatano ko Lome. Sukan tafi da kai cike da nahawu. In ka ce su yi maka sharhin wasannin Molière ko waƙoƙin Senghor, sai ka gaji da saurare. Amma ranar da guzuri ya ƙare, ko maigida ya ƙara kuɗin haya, ko saƙo ya iso daga iyaye ana maganar aure, sai baki ya mutu murus.

Mu a ganinmu wannan giɓi ne babba. An koya mana sayen tikitin jirgi da tambayar hanyar gidan waya, alhali ba a koya mana yadda mutum zai kai kukansa ga wani ba. Abin kuwa bai fi jimla huɗu ko biyar ba. Ga abokinka sai ka ce, "Je peux te demander un conseil ?", wato ko in nemi shawararka? In ka gama bayani ka ce, "Qu'est-ce que tu ferais à ma place ?", da kai ne ni, yaya za ka yi? Ga malami ko shugaban ofis kuwa "tu" ta haramta, sai "vous": "Que me conseillez-vous ?" Bahaushe bai kamata ya sha wahala a nan ba, tun da mu ma "ku" muke ce wa babba ko da shi kaɗai ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen amsa. In an ce maka "tu devrais", shawara ce, kana iya ɗauka ko ka bari. In an ce "tu dois", an wajabta maka. Wanda kunnensa bai saba ba sai ya haɗa su, ya ɗauki shawara umurni, ko ya yi fushi inda ba a yi masa laifi ba. Haka kuma "avis" ra'ayi ne kawai, "conseil" ita ce shawara.

Sai kuma kunya, wadda ba laifin malamai ba ce. Mun saba da kewaye-kewaye, mu ce wai wani abokinmu ne abin ya sama. A Hausa mai saurare yakan gane. A harshen da kake tuntuɓe cikinsa, kewayen sai ya ɓatar da kai da mai saurarenka baki ɗaya. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka muna roƙon Sashen Faransanci ya keɓe sa'a ɗaya kowane mako don hira zalla, ba alli ba jarrabawa, a riƙa kwaikwayon irin waɗannan matsaloli. Ƙungiyar Ɗalibai kuma ta gayyaci 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da muke kwana ɗaki ɗaya da su, su zauna da mu. Yawancinmu Hausa muke yi da su don sauƙi. Ɗakin taro na Ƙungiya ba kowa a cikinsa da yammacin Alhamis.