Sakkwatawa, kada a sayar da tudun kakanni

Jama'ar Ƙofar Kware, ku da kuke bakin hanyar shiga da fita gari, da ku nake magana, ku kuma ku kai ta ƙauye.

A kasuwannin kayan tarihi na Turai akwai mutum-mutumin yumɓu da ake kira da sunan garinmu: kawuna masu kaurin gira, wasu da ɗan gemu. Tambayi dillali daga wane tudu aka tono su, sai ya kama kame-kame. A ɓoye aka haƙe su, da diga da shebur, aka sallami mai haƙa da kuɗin cefane. Abin ya kai a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ake wawashewa, tare da na Nok da na Katsina da na Bura a Nijar.

To ku dubi Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina. A 1992 masana suka tona tudu uku a tsanake, suna aunawa suna rubutawa. Suka sami 'yan kunne na zinari, mundayen hauren giwa, wuri, duwatsun wuya, har da tasar ƙarfe da ta fito daga can ƙasashen Musulmi na gabas. Da yake kowane abu a mazauninsa aka tarar da shi, sai aka gane nisan inda fataucin manyan ƙasar Hausa ya kai tun shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Da ɓarawo ya riga su, da tuni zinarin ya narke a maƙera.

Wani zai ce ai kushewar mutanen jahiliyya ce. Ba wanda ya ce a bauta musu, Malam. Amma kabari kabari ne, kuma ɗan Adam ne kwance a ciki.

Manomi, in garmarka ta ci karo da tsingaro da ƙashi, dakata. Mai tifa, in tudun da kake ɗibar ƙasa ya fara fitar da tukwane, kashe mota. Ku gaya wa mai unguwa, ya gaya wa hakimi, a kai magana gidan tarihi na Waziri Junaidu. Ku kuma mutanen Binji, ganuwar Surame, birnin Kanta, tun 2007 tana jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO. A daina kallon duwatsunta da idon mai neman harsashin gini. Baƙon da ya zo da mota yana tambayar inda ake samun tsofaffin tukwane kuwa, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi ƙofar hakimi.