Tara ta gwamnati, asara ta mai kaya

Idan aka sace wa manomi a Utai shanun huɗa, aka kama ɓarawon bayan ya sayar da su a karar Wudil ranar Juma'a, alƙali zai yanke masa ɗauri ko tara. Tarar asusun gwamnati take shiga. Manomin kuwa sai ya koma gida, ya ƙarar da ɗan abin hannunsa wajen zirga-zirgar kotu, ga damina ta kawo jiki babu abin da zai ja garma.

Doka ba ta manta da shi ba. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, da takwararta ta Kano ta 2019, sun ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya diyya. Sai dai sau da yawa mai laifin ba shi da ko sisi, wani lokacin ma ba a kama kowa.

Amurka ta toshe wannan giɓi tun 1984, da ta kafa asusun waɗanda aka zalunta. Ba harajin jama'a ake zubawa ba, tarar da kotunan tarayya ke ci ce, kuma daga ciki ake taimaka wa jihohi su biya kuɗin asibiti da na jana'iza. Ingila ma a 2007 ta ɗora fam 15 a kan tara domin ayyukan tallafa wa waɗanda aka zalunta.

Ga Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne. Da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahal a Khaibara, ba a tabbatar da wanda ya kashe shi ba, Manzon Allah (SAW) ya biya diyyar raƙuma ɗari, bai bar jininsa ya tafi a banza ba.

Ya kamata Majalisar Dokokin Kano ta kafa irin wannan asusu, ta ware masa kaso daga tarar kotunan majistare da na shari'ar Musulunci. Wannan kaɗai ba zai isa ba, don haka a haɗa da tarar da hukumar KAROTA ke cin direbobi. Dole kuma a riƙa wallafa abin da ya shiga da wanda aka biya, dagaci da likita su shaida kowace buƙata, don kada asusun ya zama na 'yan lele. A fara da waɗanda masu ƙwacen waya suka sassara, a biya musu magani tun suna gadon asibiti, ba sai an gama shari'a ba.